Tarihin Finlay MacCuish, Wanda Ya Tsallakar da Matattun Sulasay

Haihuwa da Asali

An haifi Finlay MacCuish a cikin watan Maris na shekarar 1948, a tsibirin Sulasay da ke yammacin Scotland. Mahaifinsa, Murdo MacCuish, masunci ne mai ɗan kwalekwale da 'yan tumakin da ba su kai a yi alfahari da su ba. Mahaifiyarsa kuwa, Effie, masaƙiya ce daga ƙauyen arewa, wadda aka shaida da riƙon addini da kaifin harshe. 'Ya'ya uku Allah Ya ba su, amma Finlay kaɗai ya rayu, sauran biyun tun suna cikin tsumma aka kai su tudun rairayi.

Tudun rairayi shi ne maƙabartar Sulasay, kuma babu wata bayanta. Sauran tsibirin dutse ne da fadama, duk inda mutum ya kafa shebur, kafin ramin ya kai gwiwa ya ci karo da dutse ko ruwa ya ɓullo masa. A nan bakin teku ne kaɗai ƙasa take karɓar mamaci, dab da wata tsohuwar rijiya wadda daga baya aka daina shan ruwanta da aka jawo famfo. Mutanen da teku ke cinye wa maza ba ta dawo musu da ko takalmi ba, ba su ɗauki kabari da wasa ba. A wurinsu wanda ya samu kwanciya kusa da nasa ya cika da sa'a, kuma yaro yana tasowa ya san inda za a sa shi kamar yadda ya san bencin gidansu a coci.

Karatu

Ya fara karatu a makarantar tsibirin a shekarar 1953, inda aka cusa masa Turanci da bulala, domin Gelik ne harshen gida. A shekarar 1960 ya ci jarrabawa aka tsallakar da shi makarantar kwana a garin Oban, tafiyar rabin yini a jirgin fito. A hunturun shekarar da ta biyo baya kwalekwalen mahaifinsa ya kife. An yi mako guda ana nema kafin igiyar ruwa ta turo gawar gaɓa, Effie ta durƙusa a kan duwatsu ta gode wa Allah, mata suka riƙa shigowa gidan suna yi mata ta'aziyya da barka a haɗe. Finlay bai samu jana'izar ba, saboda sau ɗaya jirgi ke zuwa a mako, wannan makon kuma iska ta hana shi tashi. Lachlan Ferguson, wanda bai daɗe da gadon aikin haƙar kabari daga mahaifinsa ba, shi ya haƙa na Murdo, shi ne kuma ya nuna wa Finlay kabarin lokacin da ya zo hutu.

Wannan al'amari ya tsaya masa a rai ƙwarai, ya ƙullaci rashin jirgi irin ƙullatar da ake yi wa mutum. A shekarar 1966 ya shiga jami'a a Glasgow ya karanta tarihi, ya ƙara da shaidar koyarwa, kuma duk tsawon zamansa a birnin ba a taɓa jin ya shiga wata muhawara ba tare da ya karkato da ita kan jiragen fito ba, har abokansa suka riƙa tashi idan ya gyara murya.

Aiki, Aure da Iyali

A shekarar 1972 ya koma Sulasay a matsayin malamin makarantar da ya yi, daga bisani ya zama shugabanta. A shekarar 1974 ya auri Marsali MacInnes, malamar jinyar tsibirin, mace mai yawan dariya wadda ita kaɗai ke iya ce masa ya isa haka ya yi shiru. Sun haifi Ranald a shekarar 1975, Catriona a 1978, sai auta Morag a 1983.

Finlay mutum ne mai son tsari har abin ya yi yawa. Shi ke raba wa maƙwabta ranakun yankar ƙasar makamashi a fadama, shi ke tsara wanda zai yi sausayar tumakin wa, har matan coci sai da ya raba musu makonnin dafa shayi ba tare da sun roƙe shi ba. Ana yi masa dariya a bayan ido, amma ana bin tsarin, domin yana aiki, kuma an san idan ya ce eh a cikin ɗaki, eh ɗin nan ce za a ji a waje. Wannan hali ne ya kai shi kujerar kansila a shekarar 1986.

A shekarar 1997 Marsali ta rasu bayan doguwar jinyar sankara. Mazan tsibirin suka ɗauki makararta a kafaɗa daga ƙofar gida har tudun rairayi, suna karɓeɓeniya bisa al'ada, mata na biye suna rera Zabura, aka saukar da ita da igiyoyi takwas, Finlay na riƙe da ta wajen kai. Da aka gama, Lachlan ya auna ƙasar da ke gefenta da ƙafa, ya kafa wani farin dutse, ya ce wa Finlay nan ne nasa, ba sauri ake ba. Daga ranar duk Asabar sai ya je ya cire ciyawa a wuraren biyu, nata da nasa.

Shiga Majalisa

Da aka kafa majalisar yanki a Edinburgh a shekarar 1999, Finlay ya tsaya takara a mazaɓar da ta haɗa tsibiran da gaɓar tsallake, ya ci da rinjaye mai yawa. Bai yi fice a iya jawabi ba, amma jam'iyyarsa, wadda take cikin gwamnati, ta gane baiwarsa da wuri. A shekarar 2003 aka naɗa shi mai tsawatarwa, muƙamin da ya ba shi kujera a kwamitin tsare-tsare, inda masu tsawatarwar dukan jam'iyyu ke zama a asirce ranar Talata su raba aikin mako. A nan ya samu irin abin da yake so tun yana raba wa matan coci shayi.

Mafi yawan abin da ke zuwa teburin nan ba manyan dokoki ba ne da ake kai ruwa rana a kansu a zaure. Ƙananan dokoki ne, wato ƙa'idojin da ministoci ke fitarwa a ƙarƙashin ikon da wata babbar doka ta riga ta ba su, kuma ɗaruruwa ne a shekara, daga girman ramin komar kifi zuwa kuɗin lasisin mahauta. Iri biyu ne. Akwai wadda sai zaure ya kaɗa ƙuri'ar amincewa kafin ta yi aiki, akwai kuma wadda ake ajiyewa kwana arba'in, idan ba a samu ƙudurin soke ta ya yi nasara ba, ta zauna daram. Ko wace iri ce, majalisa ba ta da ikon canza ko wasali ɗaya a cikinta, sai dai ta karɓa duka ko ta yar duka. Idan kuma ƙaramar doka ta shafi hurumin kwamiti fiye da ɗaya, kwamitin tsare-tsare ne ke zaɓar wanda zai ja ragamar duba ta, a kai sunan zaure ranar Laraba da yamma a amince cikin tarin wasu ƙudurorin, 'yan majalisa na haɗa jakunkunansu. Al'adar ɗakin ita ce duk abin da aka yarda a ciki, babu wanda zai fito ya soke shi a waje, kuma Finlay yana alfahari da cewa bai taɓa karya wannan al'ada ba.

A farkon shekarar 2007, saura 'yan watanni a rushe majalisa a tafi zaɓe, burin rayuwarsa ya zo gab da cika. Ƙudurin dokar jiragen fito, wanda zai sa jirgi ya riƙa zuwa ƙananan tsibirai kullum a farashi mai sauƙi, yana gaban kwamitin karkara da tsibirai, kuma idan ba a kammala shi kafin rushewa ba, ya mutu ke nan. Ana cikin haka sai ga wata ƙaramar doka irin ta kwana arba'in, mai taken kare ruwan sha, wadda aka fitar bayan wasu yara sun rasu sakamakon shan ruwan rijiya a wani ƙauye na kudu. Ta shafi kwamitin lafiya, ta kuma shafi na karkara. Wasu a teburin suka ce a ba na karkara, tun da rijiyoyi a karkara suke. Finlay ya kafe cewa kwamitin karkara ba shi da ko rabin yini na ɓatarwa, a ba na lafiya, ruwan sha ai lafiya ne. Bai karanta ta ba bayan shafin farko, kuma gaskiyar magana babu wanda ya karanta a ɗakin, domin aikinsu rabo ne ba karatu ba. Aka ba kwamitin lafiya, wanda dukan membobinsa 'yan birni ne, mutanen kirki da ba su taɓa ganin an haƙa kabari da hannu ba.

A can cikin dokar akwai sashen da ya haramta sabon binnewa a duk maƙabartar da ke kusa da rijiya, ko wadda ruwan ƙasa ke tasowa kusa da zurfin kabari. Babu sunan Sulasay a ciki ko sau ɗaya. Da ta je kwamitin karkara, inda mutum uku 'yan tsibirai ne, da tun a zaman farko wani ya ɗaga hannu.

Kwana Arba'in

Sai da wa'adin ya kusa cika sannan labari ya same shi, kuma a gida ya same shi. Ya sauko daga jirgi wata Juma'a ya tarar da Lachlan Ferguson a tsaye a bakin mashigi, da hula a hannu.

"Yallaɓai, an ce ku kuka yi dokar nan," in ji Lachlan. "Wani ya zo da sandar awo, ya zura a rairayi, ya ce ruwa ya yi kusa, rijiya ma ta yi kusa. Wai daga wata mai kamawa kada in ƙara sa kowa."

Finlay ya tambaye shi wace doka.

"Au, kai ma tambaya kake yi?" Lachlan ya mayar da hularsa ya juya.

A ƙarshen makon nan ya karanta dokar daga farko har ƙarshe, ya gane abin da ya aikata, hankalinsa ya tashi matuƙa. Ranar Litinin ya isa ofishin ministar da ta fitar da ita, wadda 'yar jam'iyyarsu ce kuma abokiyar tafiyarsa tun daga farko. Ta saurare shi, ta yarda kuskure ne, ta nuna alhininta, sannan ta ce, "Finlay, ka fi ni sanin ba a yi wa ƙaramar doka kwaskwarima. In aka soke ta, an soke har da kariyar rijiyoyin, gobe iyayen yaran nan suna bakin ƙofarmu, ga zaɓe a gaba. Ka bari mu dawo, da hannuna zan kawo wata ta gyara wannan sashen."

A makon nan ne wani ɗan adawa mai wakiltar wasu tsibiran na arewa ya ji ƙishin-ƙishin, ya shigar da ƙudurin soke dokar a kwamitin lafiya. Ya samu Finlay a kan matakala ya ce masa ba ya neman ya fito ya yi magana, abin da yake roƙo kawai shi ne ya saki mutum ɗaya daga cikin 'yan jam'iyyarsa da ke kwamitin ya kaɗa ƙuri'a yadda ya ga dama. Finlay ya kwana biyu yana juya maganar. Yana tunanin yaran da suka mutu, wannan gaskiya ne, amma yana kuma tunanin dokar jirage da take buƙatar goyon bayan ministar, da kuma sunansa na mutumin da ba ya tayar da abin da aka binne a ɗakin Talata. Daga ƙarshe ya kira mutanensa ɗaya bayan ɗaya ya ce su ƙi ƙudurin. Ƙudurin ya faɗi da bambancin ƙuri'a ɗaya, kwana arba'in suka cika, doka ta zauna.

Ya koma gida ya yi wa mahaifiyarsa bayani da kansa, domin tana da shekara tamanin da bakwai, kuma wurinta na nan a gefen Murdo tun 1961. Ta saurare shi tana saƙa, ba ta ɗago ba.

"Ka koma ka gaya musu ni ba zan ɓata wa kowa ruwa ba," in ji ta. "Dube ni, fata ce da ƙashi."

"Inna, 'yan watanni ne kawai. An yi mini alkawari."

"To, sai ka aika wa mutuwa ta jira ku dawo daga hutu."

Dokar jiragen fito ta samu amincewar zaure a cikin watan Maris, aka yi ta yaba masa a jaridu, shi kuwa ko liyafar bai tsaya ba.

Faɗuwa Zaɓe da Rasuwar Mahaifiyarsa

A zaɓen watan Mayu na shekarar 2007 jam'iyyarsa ta fita daga gwamnati, ministar ta rasa kujerarta, alkawarin ya bi ta. Finlay ma ya faɗi, kuma an tabbatar a Sulasay, inda a da ko kare ya san wanda za a zaɓa, 'yan tsiraru ne suka ba shi ƙuri'a. Sabuwar gwamnati tana da nata abubuwan da ta sa gaba, ba ta ga dalilin taɓa dokar da ke kare yara saboda wani tsibiri mai mutum ɗari da 'yan kai ba.

Effie ta rasu a watan Nuwamba na wannan shekara, kuma ita ce mutum ta farko a tarihin Sulasay da aka fitar da gawarta daga tsibirin. Sau biyu tak ta taɓa tsallakawa a rayuwarta, duka biyun don ganin likitan ido. Maza suka ɗauke ta a kafaɗa kamar yadda aka saba, amma maimakon su nufi yamma wajen tudun rairayi sai suka gangara mashigi, aka sa akwatin a cikin mota, aka shigar da motar cikin jirgi tsakanin babbar motar abincin tumaki da ta masu gyaran waya. Jirgin nan na kullum ne, wanda ɗanta ya samo. Lachlan, wanda a karon farko ba shi da aikin yi a ranar jana'iza, ya tsaya kusa da Finlay ana ɗaure igiyoyi.

"Sannu da ƙoƙari, Yallaɓai," ya ce a hankali. "Jirginka ya yi rana. Da can masu rai kaɗai ke hawa."

An binne Effie a babbar maƙabartar da ke bayan garin Oban, a sabon layi kusa da shingen titi, tsakanin mutanen da ba ta taɓa jin sunansu ba.

Shekarun Koke

Abokansa sun ba shi shawara ya zauna a Edinburgh, inda aka yi masa tayin ayyuka masu tsoka, ya ƙi, ya koma gidansa na Sulasay. Babu wanda ya zage shi. Ana gaishe shi a hanya, ana matsawa a ba shi wurin zama a coci, idan ya yi mura a aiko masa da romo, amma an daina kawo masa komai ya tsara, kuma hira takan mutu idan ya shiga kanti. Ya sha faɗa wa 'yarsa Catriona cewa da dukansa suka yi da ya fi masa sauƙi.

A shekarar 2008 ya shigar da koke gaban kwamitin koke-koken jama'a na majalisa, yana neman a kawo gyaran da zai keɓe tsofaffin maƙabartu idan an toshe rijiyar da ke kusa da su. Daga nan ya fara ganin sana'arsa daga ɗaya gefen teburin. Kwamitin koke ya miƙa wa na lafiya, na lafiya ya ce batun muhalli ne, na muhalli ya ce sai an ji ta bakin ƙananan hukumomi, kafin a ji sai wa'adin majalisa ya ƙare a tafi zaɓe, a sake lale da sababbin fuskoki da ba su san inda Sulasay take ba. Masu rabon aikin a ɗakin Talata wasunsu shi ya koya musu, suna karɓarsa da girmamawa su ba shi shayi su ce kwamitin karkara ya cika maƙil a wannan zangon. Bai iya jin haushinsu ba, domin kalmominsa ne suke mayar masa. Duk wanda ya rasu a tsibirin a waɗannan shekaru, Finlay yana cikin jirgin da ya tsallakar da shi, a tsaye can baya, ko an gayyace shi ko ba a gayyace shi ba.

A shekarar 2016 ciwon huhu ya kwantar da Lachlan Ferguson, Finlay ya je duba shi, ya zauna a bakin gado. Lachlan ne ya fara magana.

"Na haƙa wa ubanka, na haƙa wa matarka, kai ma na zaɓar maka wuri mai laushi, babu ko tsakuwa. Ni kuwa inji ne zai haƙa mini." Ya yi tari ya huta. "Ba haushinka nake ji ba yanzu, na gaji da wannan. In ka shigo Oban ka riƙa leƙo mu."

Ya rasu bayan 'yan kwanaki, aka tsallakar da shi, ya kwanta layi biyu daga Effie.

Sai a watan Oktoba na shekarar 2019 aka kawo ƙaramar dokar gyara, irin wadda ke buƙatar ƙuri'ar zaure. Wannan karon kwamitin karkara aka ba, ya duba ta a zama ɗaya ya amince. Finlay ya zauna a benen 'yan kallo ranar Laraba da yamma, ya ji an karanto lambarta tare da wata ta alluran shanu da wata ta kuɗin ajiye motoci, aka tambaya ko an yarda, aka ce an yarda, aka wuce. Babu wanda ya ambaci Sulasay. Kafin wannan rana mutum goma sha bakwai aka tsallakar. Wasu iyalai sun nemi a tono nasu a dawo da su, dattawan coci suka ce ba a tayar da wanda ya kwanta, kuma a kan wannan aka tsaya. Aka toshe rijiyar da siminti, aka buɗe tudun rairayi, mutane suka fara sakin fuska da shi, har wata tsohuwa ta tare shi a hanya ta ce to, ya wanke hannunsa. Shi bai ga ya wanke komai ba.

Jinya, Wasiyya da Rasuwa

A farkon shekarar 2022 likitoci suka tabbatar masa da ciwon zuciya wanda ba ya jin magani. Ya kira Ranald, wanda ke kamun ƙaguwa a tsibirin, da Catriona, wadda ta zo daga Glasgow don jinyarsa, ya shaida musu wasiyyarsa cewa idan ajali ya zo a kai shi Oban, a sa shi a layin nan na kusa da titi. Ranald ya miƙe tsaye.

"Baba, shekara nawa ka yi kana wahalar buɗe wurin nan? An buɗe, kuma ka ce ba ka shiga? Mama fa?"

"Uwarku tana cikin danginta, ga ubanta ga 'yan'uwanta. Inna kuwa ba ta san kowa a can ba sai waɗanda na tura mata. Da wane ido zan je in miƙe ƙafa a rairayi, Lachlan yana bakin titi?"

"Wannan ba tuba ba ne, taurin kai ne. Ka raba Kaka da mijinta, yanzu kuma za ka raba Mama da nata, duk don kada a ce ka karya magana."

Finlay ya ce watakila haka ne, amma ya riga ya faɗa. Akwai gaskiya a maganar Ranald, domin mutumin da ya ƙi sakin ƙuri'a ɗaya a shekarar 2007 shi ne dai wannan, tsufa bai canza shi ba, sai dai a wannan karon kansa ya yanke wa hukuncin, kuma ya san abin da yake rubuce a ciki. Ranald ya roƙi ƙanwarsa su yi abin da ya dace idan lokaci ya yi, tun da mamaci ba ya gardama. Catriona ta ce ta yi wa mahaifinta alkawari, ba za ta ci amanarsa ba. A watan Agusta, da ya ɗan samu ƙarfi, ya sa ta kai shi tudun rairayi a mota, ta bar shi shi kaɗai a gaban kabarin Marsali, ta koma ta jira. Ya daɗe a can, da ya dawo kuma idanunsa sun yi ja.

Finlay MacCuish ya rasu a gidansa da ke Sulasay ranar 9 ga watan Oktoba na shekarar 2022, yana da shekara saba'in da huɗu. An yi masa addu'a a cocin tsibirin, aka tsallakar da shi washegari, aka binne shi a Oban kusa da mahaifiyarsa gwargwadon yadda wuri ya samu. Iyalan mutum goma sha bakwai ɗin nan kusan duk sun tsallaka tare da shi, wasu tsofaffin abokan aikinsa biyu kuma suka zo daga Edinburgh. Allah Ya ba shi hutun da bai ba kansa ba.

Ya rasu ya bar 'ya'ya uku da jikoki biyar: Morag, malamar makaranta a ƙasar Kanada, Catriona, malamar jinya a Glasgow, wadda ta cika wasiyyar, da kuma babban ɗansa Ranald, wanda ya ɗauki makarar har bakin mashigi, ya sauke kafaɗarsa ya ƙi shiga jirgin, kuma har yau ba sa magana da Catriona. Wurin da ke gefen Marsali yana nan babu kowa. Ranald ya hana a taɓa shi, ya kuma gaya wa 'ya'yansa ko shi ya mutu kada a sa shi a nan, domin wurin da mai shi.